Ƙugiyar da Na Ƙara

Doguwa, 4 ga Agusta, 2024

Zuwa ga taubashiyata Ummulkhairi, malamar gona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya ƙalau, ruwa yana sauka yadda ake so, uwargida Balaraba tana gaishe ku.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Unguwarmu a bayan dutse take, sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama kafin ya samu sabis, maganata kuma ba ta minti biyu ba ce. Salisu direba yana bi ta Kwanar Ɗangora kullum, ya ce zai riƙa ajiye miki a tasha.

Kakana da kakarki Inna ciki ɗaya suka fito, saboda haka kukana ba zai wuce ƙofarki ba. Amya goma sha huɗu Baba ya bar mini a kan ɗorawoyin bakin rafi. Yau saura biyar masu ƙuda a ciki. Ba wuta ba ce, ba ɓarayi ba ne. Maƙwabcina ne a gona, wani mutum ana ce masa Uba, mai wake. Duk shekara idan wakensa ya yi fure sai ya goya famfo ya yi feshi da hantsi, daidai lokacin da ƙudan zumana suke kan furen. Kafin azahar sai in tarar da su zube a gindin bishiya kamar an watsar da gero.

Shekara biyu ina gaya masa ya mayar da feshin yamma liƙis, lokacin da ƙuda ya koma gida. Na faɗa da lallami, na faɗa da tsawa, na faɗa a gaban mutane bayan sallar Juma'a. Kullum amsarsa ɗaya: "Na ji." Washegari sai in hango shi da famfo rana tsaka. Wata mai kamawa wake zai yi fure. Idan aka maimaita bana, sana'ar gidanmu ta ƙare a hannuna, ni da aka ce na fi kowa baki a dangi.

Ku ne masu takarda da ofis. Ki gaya mini inda zan kai shi.

Naki,
Badamasi

Yako, 11 ga Agusta, 2024

Yaya Badamasi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode da tunawa da ni, ko da yake sai da ƙuda ya mutu aka tuna akwai taubashiya a Yako. Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, tana takawa har zaure. Da na ce daga wurinka ne sai ta ce in karanta mata, ta kuma tambaya ko ka ce yaushe za ka zo.

Na ji zafin abin da ya samu amyoyin Baba. Ina tuna zumar farar saƙa da yake aiko mana a ƙwarya muna yara.

Akwai taro ranar Laraba, ashirin da takwas ga wata, a Tudun Wada, a makarantar firamaren da ke bayan kasuwa. Ƙungiyar manoma ce ta shirya domin masu sana'a su san juna: masu wake, masu shinkafa, masu kiwo, masu zuma, 'yan kasuwa. Na ga sunan Ubanku na Doguwa a cikin masu wake, na kuma sa naka. Ni ba zan samu zuwa ba, an tura ni kwas Zariya a wannan makon.

Na halarci irinsa a Bebeji, kuma ba irin taron da ka sani ba ne, inda manya suke magana a lasifika kowa yana gyangyaɗi, a ci shinkafa a watse. Ana jera benci biyu suna kallon juna. Kai da wanda ke gabanka za a ba ku totuwar masara guda. Mai riƙe da totuwa shi kaɗai ke magana, minti uku, ya faɗi abu biyu: abin da yake da shi da zai iya bayarwa, da abin da yake nema. Idan ya gama, kai ba amsa za ka ba shi ba. Za ka maimaita masa abin da ya ce, ka fara da "Na ji ka ce", har sai ya ce "Haka ne". Sannan totuwa ta dawo hannunka. Idan an buga ƙarfe sai layi ɗaya ya matsa, ka samu sabon mutum. "Na ji" zalla haramun ce a wurin.

A Bebeji na zauna da wata mai ƙuli-ƙuli da na sani shekara biyar, sai ranar na san abin da take nema a wurina ba taki ba ne.

Na san halinka, Yaya. Tun muna yara idan mutum yana magana kai numfashinsa kake jira ka shiga. Don Allah idan ka je, kara za ka yi, ba faɗa ba.

Taka,
Ummulkhairi

Doguwa, 15 ga Agusta, 2024

Ummulkhairi,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Allah ya yi miki albarka, Allah ya ƙara girma a aiki. Ashe boko bai tafi a banza ba. Na gane sarai: ƙara zan yi, ba faɗa ba. Hannunki ya manta ƙugiyar da ke kan harafin, kamar yadda 'yan zamani kuka saba a waya, amma na sa miki ita da birona. Ai dama abin da nake nema ke nan, wurin da hukuma za ta zauna in shigar da ƙarata a gaban jama'a.

Na shirya tsaf. Ina da gawar ƙudan bara cike da gwangwanin madara, na adana saboda irin wannan rana. Na samu shaidu biyu da suka ga Uba da famfo da idonsu. Na rubuta jawabina shafi uku, Balaraba ta gaji da jin sa. Batun benci da totuwa ban tsaya a kansa sosai ba, na ɗauka tsarin zaman kotun ne.

Sai kin ji labari mai daɗi.

Badamasi

Yako, 1 ga Satumba, 2024

Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma da gaske nake, domin ban san a wane hali wannan takarda za ta same ka ba.

Jiya na dawo daga Zariya, yau Salisu ya miƙo mini takardarka ta sha biyar ga watan jiya. Motarsa ta kwana biyu a gareji, takardar tana cikin aljihun gaban mota, ya manta. Da na karanta sai da na zauna a kan buhun masara a tasha.

Yaya, hannuna bai manta komai ba. Kara na rubuta, kara nake nufi: kawaici, ka ɗaga wa mutum ƙafa, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Duba takardar da kyau, duk inda ƙugiya take na sa ta. Kai ka ɗauki biro ka gyara mini magana ta koma abin da kake son ji. Kotu kuma daga ina? Sakin layi guda na ɓata ina yi maka bayanin totuwa.

Yanzu taro ya wuce da kwana huɗu. Na kira lambarka ba adadi, ba ta shiga. Ina ta hango ka tsaye a tsakiyar aji da gwangwani, kana karanta shafi uku a kan bawan Allah a gaban baƙi. Idan haka ta faru, Uba ba zai sake sauraronka ba har abada, kuma ni ce na sa sunanka. Yau ba zan yi barcin kirki ba. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Inna tana gaishe ka. Ta sa an gyara ɗakin zaure wai ko za ka biyo daga Tudun Wada.

Ummulkhairi

Yako, 16 ga Satumba, 2024

Yaya,

Sallama. Mako biyu shiru. Salisu ya rantse ya ba Balaraba takardata hannu da hannu. Na tambayi wanda ya jagoranci taron, Malam Mujitaba, ya yi dariya kawai ya ce abin da aka faɗa a kan benci ba ya fita daga bakinsa. Idan fushi kake da ni, ka yi fushin a takarda, na fi gane shi. Wake ya fara fure a nan, na san can ma haka.

Inna ta sake tambaya.

Ummulkhairi

Doguwa, 25 ga Satumba, 2024

Taubashiyata Ummulkhairi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiyata ƙalau, iyali ma haka. Ki yafe shirun. Ba fushi ba ne. Da farko kunya ce, daga baya kuma aiki, za ki ji irinsa.

Na je Tudun Wada da babbar riga, da shaiduna biyu, da gwangwani a aljihu. Na shiga ina neman teburin alƙali, sai na tarar da benci da kwandon totuwa. Na ja Malam Mujitaba gefe na ce ni ne mai ƙara daga Doguwa. Ya dube ni, ya dubi takardun hannuna, ya ce, "Malam, zauna tukuna. Idan an tashi ba ka samu biyan bukata ba, ni da kaina zan raka ka inda ake ƙara." Shaiduna ma aka raba su a benci, aka ba kowa abokin zama.

Na farko da na samu wani Bafulatani ne daga gefen Falgore. Ya yi maganarsa minti uku, ni kuwa ina bitar shafi na biyu a zuci. Da ya yi shiru na ce, "Na ji." Malam Mujitaba yana bayana, ya ce, "Me ka ji?" Wallahi Ummulkhairi, ko kalma ɗaya ban iya kawowa ba sai "shanu". Mutumin kuma ashe tumaki yake kiwo. Aka yi dariya, ya sake faɗa, na kama rabi. Na biyu wani baduku ne daga Bebeji. A nan na ɗan dage, sai na ji yana neman kakin zuma na gyaran zare da fata, abin da ni nake zubarwa bayan na tace. Kin ga mutum yana neman abin da ke juji a gidana, kuma da a irin taron da na saba ne, da sai dai in cika shi da labarin Uba ya tafi.

Aka buga ƙarfe sau huɗu. A na biyar na ɗaga kai, sai ga Uba a gabana, gwiwarsa tana kusan taɓa tawa. Na laluba gwangwani. Amma totuwa a hannunsa ta faɗa.

Shi ba mai magana ba ne, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon ƙafarsa. Ya yi nasa ya gama. Na ce, "Na ji ka ce ba za ka daina feshi ba."

Malam Mujitaba ya ce, "Malam Uba, haka ka ce?"

Ya ce, "A'a."

Aka ce ya sake. Ya sake. Na ce, "Na ji ka ce wakenka ya fi ƙudana."

"Haka ka ce?"

"A'a."

Na fara zufa. Mutanen da ke kusa suka juyo suna kallonmu. Malam Mujitaba ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Ajiye takardun nan a ƙasa. Ba za a tambaye ka amsa ba, maganarsa kawai za a tambaye ka." Na ajiye. Na rasa abin yi da kaina, sai na kalli bakin Uba.

Ya ce, "Abin da nake da shi fure ne, gona guda, kuma na san ƙudan Malam Badamasi suna ƙara wa wakena 'ya'ya, tun zamanin mahaifinsa na lura. Abin da nake nema, wanda zai ara mini ido da yamma. Shekara uku ke nan ina da dundumi. Rana tana yin ja, ni kunyar gona da kwari duk ɗaya suke a wurina. Na gwada feshin yamma sau ɗaya, na faɗa rafi da famfo a baya. 'Ya'yana mata ne, suna gidajensu. Masu feshin haya kuma da safe suke zagayawa."

Na buɗe baki na maimaita, kalma bayan kalma. Ya ce, "Haka ne." Sai ya ƙara da abin da har yau yake hana ni sakewa. Ya ce, "Sau biyu na fara gaya maka a bakin gona. Na ce, Malam Badamasi, ai idona, sai ka ce idona ya rufe da son abin duniya. To ka riga ka ƙarasa mini, sai na ce na ji."

Ummulkhairi, na tuna ranar. Na tuna har rigar da ke jikina. Na yi zaton na faɗi magana mai hikima, har na maimaita wa Balaraba da na koma gida.

Totuwa ta zo hannuna. Shafi uku suna ƙasa, ban ɗauka ba. Na yi ta zuba dai yadda na saba, guba, hantsi, ɗorawa, amya tara da suka zama kango. Da na gama Uba ya ce, "Na ji ka ce kana da zuma da kaki da ƙafa mai lafiya. Na ji ka ce kana tsoron abin da mahaifinka ya bari ya ƙare a hannunka." A cikin duk maganar nan, sau ɗaya na faɗi wannan, a gurguje, shi kuwa ita ya ɗauko. Na ce haka ne. Ni Badamasi, aka buga ƙarfe da sauran lokacina.

Mota ɗaya muka shigo zuwa Doguwa. Magariba ta same mu a hanya, da muka sauka na ga yadda yake laluben ƙasa da ƙafa, na kama hannunsa har ƙofar gidansa. Shekara nawa ba na ganinsa a sallar magariba, ban taɓa tambayar abin da ya sa ya daina fitowa ba. Shaiduna kuwa, ɗaya ya samo mai sayen waken suya, ɗayan yana ta yi mini dariya har gida.

Aikin da ya hana ni rubutu shi ne wannan: ni nake yi wa Uba feshi yanzu. Yana haɗa maganin da la'asar tun yana gani, ni in goya famfo idan rana ta kusa faɗuwa ƙuda ya koma. Mun yi zagaye biyu, saura ɗaya. Ba zan ce ko ɗaya bai mutu ba, na tsinci kaɗan, amma amya biyar suna nan suna kuka kamar kasuwa. Kafaɗata ta yi tsami, ban taɓa sanin nauyin abin nan ba sai da na goya shi.

Takardarki ta ɗaya ga wata ta same ni bayan komai ya wuce. Na ɗauko ta farkon na duba. Ga ƙugiyata nan da shuɗin biro a kan baƙin rubutunki, ba ta ma yi kama da sauran ba. Na gode, taubashiya. Na gode da kika sa sunana, na gode da kika san halina kika kuma faɗa mini. Ki miƙa godiyata ga Malam Mujitaba. Gwangwanin na juye shi a gindin ɗorawa na rufe da ƙasa.

Naki,
Badamasi

Yako, 3 ga Oktoba, 2024

Yaya Badamasi,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta a tsaye a tasha, na yi dariya a wurin tumaki, na share hawaye a wurin dundumi, har mai rake yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Ni ma ina da abin godiya. Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa manoma su yi feshin yamma, suna ce mini "Mun ji, Malama", ina rubutawa a rahoto cewa an wayar da kai. Ban taɓa tambayar wani abin da ya hana shi ba. Jiya a wani ƙauye na ajiye allona na ɗauki totuwa. Abin da na ji ya fi ƙarfin takarda ɗaya.

Ka kai Malam Uba a duba idon nan, wani dundumin yana jin magani. Kada ka ce masa "ka je", ka san amsar da zai ba ka. Ka raka shi.

Ƙugiyarka kuwa na yafe, amma ka sani duk taron dangi sai na ba da labarinta, haƙƙin taubashiya ne.

Inna ta ji duka. Wannan karon ba ta tambayi zuwanka ba, sai ta ce a bar shimfiɗar ɗakin zaure yadda take.

Taka,
Ummulkhairi

Doguwa, 12 ga Afrilu, 2025

Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafi? Muna lafiya. Balaraba tana gaisuwa, ta ce in gaya miki tana ajiye totuwa guda a kan randa yanzu, kuma ta fi ni riƙe ta.

An sha zuma. Amya biyar ɗin nan duka sun cika, kuma ƙuda ya shiga biyu daga cikin kangon da kansa, sun zama bakwai. Na rataya sababbi uku a kan kaɗanyar gonar Uba, shi ya ce in kawo. Na raka shi asibitin ido a Kano, sun ba shi magani sun ce ya dawo. Bai warke ba, amma ya ce yana bambance mutum da kututture bayan magariba, kuma tare muke zuwa masallaci. Badukun Bebeji ya zo da kansa ya kwashe kakin.

Kafin in ɗauki biro yau na fito da takardunki duka huɗu na shimfiɗa a tabarma. Na karanta su yadda aka koya mini a benci, ba don in ba da amsa ba. Sai na ga wani abu a cikin kowacce, wanda ban taɓa amsawa ba ko sau ɗaya.

Na ji kin ce Inna ta tambayi yaushe zan zo. Na ji kin ce ta sa an gyara ɗakin zaure. Na ji kin ce ta sake tambaya. Na ji kin ce ta daina tambaya, ta ce a bar shimfiɗar yadda take. Na ƙirga, rabona da Yako tun rasuwar Baba, shekara shida, ita kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka goya shi.

Zumar farar saƙa tana cikin ƙwarya, na rufe da faifai. Salisu ya miƙo hannu zai karɓa na ce a'a, takarda kawai zai kai. Ranar Juma'a in sha Allahu ni zan shigo motarsa, ƙwaryar a kan cinyata. Ki gaya wa Inna ba labari zan kawo mata ba, nata na zo ji.

Haka kika ce, ko akwai abin da na bari?

Naki,
Badamasi